Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnar Jihar New York, Kathy Hochul: A Mayar Wa 911 Kuɗinta

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni direban tasi ne mazaunin Bronx a birnin New York, ɗaya daga cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da suka mayar da wannan jiha gida. Na rubuta miki da Hausa ne domin ina son mutanena su karanta su san abin da suke biya, kuma na tabbata ofishinki ba zai rasa mai fassara ba.

Maganata a kan kuɗin 911 ne, lambar kiran gaggawa ta Amurka, da ake cira daga kowane layin wayar salula duk wata, wato dala 1 da senti 20 na jiha, da kuma senti 30 da birnin New York da gundumomi da dama suke ɗorawa a kai. Wanda yake sayen katin waya ma bai tsira ba, domin tun watan Disamba na 2017 ake karɓar senti 90 na jiha a duk lokacin da ya saya. A gidana akwai layi biyar: nawa, da na maiɗakina, da na 'ya'yanmu uku. Kason jiha kaɗai yana kama dala 6 a wata, dala 72 a shekara. Ban taɓa jin ƙyashin biyan wannan kuɗi ba, domin na ɗauka cewa duk senti da ya fita daga aljihuna yana tafiya ne wurin mutanen da za su ɗaga waya idan gobara ta tashi ko numfashin wani ya tsaya. Da na gano cewa ba haka abin yake ba, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba.

Ranki ya daɗe, kin fi ni sanin abin da sashe na 186-f na dokar haraji ta jiha ya tanada. Kafin a taɓa komai, ana kwashe kashi 41.7 cikin ɗari na wannan kuɗi a zuba a babban asusun gwamnati, inda yake gauraye da sauran kuɗaɗen shiga, a kashe shi a kan duk abin da kasafin shekara ya ga dama. Bayan haka ana ware dala miliyan 25.5 ga rundunar 'yan sandan jiha. Abin da aka keɓe kai tsaye domin tafiyar da cibiyoyin amsa kiran gaggawa na gundumomi dala miliyan 10 ne, kuma gundumomi 57 ne da birnin New York suke raba shi. Alhali kuwa abin da ake tarawa a shekara ya haura dala miliyan 200. Ko mai ƙaramin ilimin lissafi irina zai iya gane cewa sama da dala miliyan 80 ke nan suke shiga babban asusu duk shekara, ninki takwas na abin da ake ba masu amsa kiran. Daga cikin dala 72 da gidana yake biya, kimanin dala 30 ba sa ko bi ta kusa da wata cibiyar 911.

Na san amsar da jami'an Albany, babban birnin jiha, suke bayarwa. Suna cewa wannan kuɗi ba kuɗin 911 ba ne, sunansa a doka kuɗin sadarwar kare lafiyar jama'a, saboda haka jiha tana da ikon kashe shi yadda ta so. To amma wa ya sa masa wannan suna, kuma yaushe? An fara karɓarsa ne da sunan inganta kiran gaggawa daga wayar salula, da wannan sunan aka ɗaga shi zuwa dala 1 da senti 20 a 2002, sai a 2009 aka sake masa suna aka mayar da shi ƙarƙashin dokar haraji. Mu a wurinmu wannan shi ake kira canza wa tuwo suna. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ita ma ba ta karɓi wannan hujja ba. Tun da majalisar dokokin Amurka ta umurce ta a 2008 da ta riƙa fitar da rahoto duk shekara a kan yadda jihohi suke kashe kuɗin 911, sunan New York yake ta maimaituwa a jerin masu karkatar da kuɗin, sau da yawa tare da maƙwabciyarmu New Jersey. Jihar da take alfahari da cewa ita ce kan gaba a komai, bai dace a ce a nan ma ita ce kan gaba ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bambancin da aka nuna tsakanin jiha da gundumomi. Ɗan abin da aka yarje wa gunduma ta karɓa, senti 35 a kan wayar gida da senti 30 a kan salula, doka ta ɗaure shi tam: ba a kashe shi a kan komai sai kayan aiki da hidimar 911. Idan gunduma ta ga kuɗin bai ishe ta ba, ba ta da ikon ƙara ko senti ɗaya sai ta je Albany ta roƙi majalisa ta yi mata doka ta musamman. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Sai dai ita jihar da ta shimfiɗa ƙa'idar, wadda take karɓar ninki huɗu na abin da gunduma take karɓa a kan kowace salula, ta tsame kanta daga ciki. Gundumomi ne suke ɗaukar ma'aikata, su ne suke biyan albashin dare da na ranakun hutu, su ne suke gyara na'urori idan sun lalace, su ne kuma jama'a suke zagi idan an yi jinkirin ɗaga waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga shi kuma mutane suna ta yanke wayoyin gida suna komawa salula, wanda hakan yake nufin tsohuwar hanyar samun kuɗin gundumomi tana ƙafewa a hankali, giɓin kuma ana cike shi da harajin gidaje. Mai gida ya biya, ya ɗora wa ɗan haya irina. Sau biyu ke nan muke biyan kuɗin aiki ɗaya.

Ba sai an yi miki dogon bayani a kan wannan ba. Kin yi shekaru a majalisar garin Hamburg, kin riƙe muƙamin magatakardar gundumar Erie, kin zauna a teburin da ake ƙirga kowace dala kafin a amince da kasafin ƙaramar hukuma. Kin san irin zafin da shugabannin gundumomi suke ji idan Albany ta ɗora musu aiki ta riƙe kuɗin. Kuma da kika karɓi mulki a watan Agusta na 2021 kin yi wa mutanen jihar nan alkawarin gwamnatin da za ta yi komai a fili. Ina tuna miki wannan alkawari, domin babu wani abu da ya saɓa masa kamar a rubuta wa mutum abu ɗaya a takardar biyan kuɗin wayarsa, a je a yi wani abu daban da kuɗin.

Kada a ɗauka cewa wannan gardamar masu lissafi ce kawai. Mu mutanen Bronx muna da abin tunawa. A watan Janairu na 2003, samari huɗu suka shiga wani ɗan ƙaramin kwalekwale daga City Island cikin tsananin sanyi, ruwa ya fara shiga, ɗaya daga cikinsu ya kira 911 da salularsa. Kiran bai daɗe ba ya yanke, tsarin da ake da shi a lokacin ba ya iya nuna inda mai kira yake, ba a fita nemansu ba sai washegari, kuma dukansu suka rasu. A lokacin an riga an shafe shekaru ana karɓar wannan kuɗi daga masu salula da sunan samar da ainihin wannan fasaha. Shekara goma kafin nan, a yankin Rochester, an sace wata yarinya 'yar shekara 18, ta samu ta kira 911 daga wayar motarta, mai amsa kiran yana ji amma ba shi da hanyar sanin inda take, har aka kashe ta. Mahaifinta, David Koon, ya shiga majalisar dokokin jiha ya shafe shekaru yana fafutukar ganin an kashe kuɗin 911 a kan 911. Mutumin da ya binne 'yarsa ya yi wannan magana a cikin zauren majalisa, amma har yau kashi 41.7 yana nan daram a cikin doka.

Gaskiya ne cewa an samu ci gaba tun daga wancan lokaci, kuma ba zan ɓoye shi ba. Yau ana iya gano wurin mai kira fiye da da, kuma tun 2020 mazauna birnin New York suna iya aika saƙon rubutu zuwa 911, abin da ya zama rahama ga kurame da matan da suke ɓoye wa mai dukansu a cikin ɗaki. Na kuma san cewa jiha tana ba gundumomi tallafi domin inganta rediyon sadarwa tsakanin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti. Amma tallafin da gunduma za ta cike takardu ta nema, ta jira a duba, ta kashe kuɗinta sannan a biya ta, ba daidai yake da haƙƙin da yake zuwa da kansa duk wata ba. Ba a ɗaukar ma'aikaci a kan tallafin da ba a san ko zai zo baɗi ba. Kuma aikin da yake gaba ya fi na baya tsada, domin sabon tsarin 911 da ake komawa kansa, wanda yake tafiya ta intanet, yake karɓar hoto da bidiyo, yake iya tura kira zuwa wata gunduma idan guguwa ko ambaliya ta durƙusar da cibiya, yana buƙatar sababbin na'urori da horo da kulawa ta kullum. Ƙananan gundumomin arewacin jihar, masu faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a, ba za su iya ɗaukar wannan nauyi da senti 30 ba.

Akwai kuma asarar da muka jawo wa kanmu. A 2019 gwamnatin tarayya ta raba sama da dala miliyan 109 ga jihohi 34 domin wannan sabon tsari, bisa sharaɗin cewa jihar da take karkatar da kuɗin 911 ba za ta samu ba. New York ba ta cancanta ba. Mun biya harajin tarayya kamar kowa, aka raba, muka tashi hannu rabbana. A ƙarshen 2020 majalisar tarayya ta sake yin doka a kan batun, FCC ta fitar da ƙa'idoji a 2021, kuma duk wanda yake bin lamarin ya san cewa duk wani tallafi da zai zo nan gaba zai iya zuwa da irin wannan sharaɗi.

Ina roƙonki, ranki ya daɗe, ki dubi waɗanda suke zaune a waɗannan ɗakuna da abin sauraro a kunne. Ni aikina a kan titi yake, da dare galibi, kuma na kira 911 fiye da sau ɗaya: ranar da wata fasinja ta suma a bayan motata, da ranar da na tarar da hatsari a kan babbar hanya kafin kowa ya iso. Duk lokacin da na kira, muryar da ta amsa ta kwantar mini da hankali, ta yi haƙuri da irin Turancina, ta gaya mini abin da zan yi har taimako ya zo. Ranar 9 ga Janairu, 2022, da gobara ta tashi a benen Twin Parks a nan Bronx, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya, irin waɗannan muryoyi ne suka yi ta amsa kiran mutanen da hayaƙi ya rufe a ɗakunansu. Kin zo wurin da kanki a ranar, kin ga abin da muka gani. Mutanen da suke ɗaukar irin wannan nauyi a zuciyarsu su koma gida, bai kamata a ce ana tilasta musu ƙarin sa'o'in aiki saboda ƙarancin ma'aikata ba, alhali kuɗin da aka tara da sunan aikinsu yana can yana toshe wani rami a kasafi.

Akwai wasu abubuwan da zan so a duba, kamar saurin samun tafinta ga masu magana da harsunan Afirka, da yi wa sababbin baƙi bayanin cewa kiran 911 haƙƙinsu ne, amma waɗannan duka suna bayan maganar kuɗin.

Abin da nake nema a hannunki yake. Ke kike gabatar da kasafin jiha a farkon kowace shekara, kuma a cikin kasafin ne ake gyara irin waɗannan sassa na doka. Ki sa a soke tanadin kashi 41.7. Idan ana ganin cire shi lokaci ɗaya zai girgiza kasafi, a rage shi kashi-kashi cikin shekaru uku, a rubuta ranakun a cikin doka yadda ba za a iya ɗagawa ba. A mayar da kuɗin ga gundumomi da birnin New York bisa ƙa'idar rabo da kowa zai iya karantawa, a ɗaure jiha da irin igiyar da aka ɗaure gundumomi da ita, a kuma riƙa buga rahoto duk shekara da zai nuna nawa aka karɓa da inda kowace dala ta tafi. Idan kuwa gwamnatinki ta yanke shawarar ci gaba da riƙe wannan kaso, to a raba shi gida biyu a takardar biyan kuɗin waya, a rubuta senti 50 a matsayin harajin babban asusu, domin mai biya ya san abin da yake biya.

Zan duba kasafin da za ki gabatar a watan Janairu, zan nemi sashe na 186-f, kuma zan karanta wa mutanena abin da na gani a masallaci bayan sallar Juma'a.

Naki da girmamawa,
Wani direban tasi, Bronx, New York