Kafin mu sayo furen Tailan, a waiwayi kariya da marga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan sana'ata. Ni mai renon dashen itatuwa da furanni ne a bakin hanya a Zariya. Abin da ke damuna shi ne kusan duk abin da muke sayarwa don ƙawata gidaje da tituna baƙo ne, alhali dajinmu cike yake da itatuwa masu fure da suka saba da ranin wata bakwai. Ba mai tambayarsu, don haka ba mai renonsu.

Duk wanda ya gama gini ya zo wurinmu, abu uku yake nema. Na farko doguwar siririyar bishiyar nan mai rassa a sunkuye da muke kira maskwared, wadda asalinta kudancin Indiya da Siri Lanka ne. Tana da kyau a jere, ban musa ba, amma ko akuya ba ta samun inuwa a gindinta. Sai ambarela mai rassa hawa-hawa, 'yar Madagaska, wadda saiwarta ke bin saman ƙasa tana ɗaga intalok, in kuma an dasa ta kusa da sokawe sai ta leƙa ciki. Sai filamboyan, ita ma daga Madagaska, mai jan fure gab da faɗuwar damina. Ina ƙaunar filamboyan, amma bishiyar fili ce. Wanda ya matse ta a jikin katanga, shi da magini za su sake haɗuwa.

Kada a ce ina ƙin baƙo don baƙuncinsa. Dogon yaro daga Indiya ya zo, yau kuwa wane gari ne a Arewa ba ya shan inuwarsa? Bogambiliya ma, mai hawa katanga da ƙaya, daga Kudancin Amurka take. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Philibert Commerson ne ya tsinko ta a wajen Riyo di Janero, a tafiyar zagaya duniya da Bougainville ya jagoranta daga 1766 zuwa 1769. Ta karɓi ƙasarmu hannu bibbiyu. Sirrinta ɗaya ne, kuma kullum sai na maimaita wa matan da ke saye: in kika cika mata ruwa da taki, ganye za ta yi ta zubawa; in kika bar ta ta ɗan ji ƙishi, sai ta rufe katangar da launi.

Wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce kariya. Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Katsina ko Sakkwato ko Damagaram ya san ta: gajeriya, mai kumburarren gindi, rassa masu kauri, ga fure ruwan hoda mai fari a tsakiya da ke fitowa lokacin da ko ganye babu a jikinta. Iyayenmu sun san ƙaronta dafi ne, an yi dafin kibiya da shi, kuma har yau ana hana yara wasa da ita. To wannan kariyar ce masu lambu a Tailan suka ɗauka suka yi ta haɗa iri, suka fitar da mai fure ninki-ninki, ja wur da rawaya da mai zane, suna yi mata aure a kan gindin ta gargajiya kamar yadda muke yi wa mangwaro. Yanzu ita ake shigo mana da ita a 'yan tukwane, kuɗin guda ya fi na dashen mangwaro ɗan aure masu yawa, mutane kuma suna rububi.

Kwanaki wata Hajiya ta dawo mini da tata, ganye ya yi rawaya ya zube. Na danna gindin da yatsa, sai ya lotsa, ruwa mai wari ya fito. Na ce, "Hajiya, sau nawa ake ba ta ruwa?" Ta ce safe da yamma, ai tsadarta ta sa ba ta yarda yaran gida su yi sakaci. Na zare ta daga tukunyar, ƙasar baƙa ce mai danƙo, tukunyar ko huda babu. Na yanke ruɓaɓɓen wurin har na kai ga farin nama, na shafa toka, na ce a ajiye ta a inuwa ta bushe kafin a mayar da ita cikin rairayi da ɗan gawayi. Da na gaya mata 'yar'uwar wadda ke bayan gari ce, sai ta yi dariya ta ce kakarta na da irinta a bakin rijiya, ba wanda ya taɓa zuba mata ko moɗa ɗaya. Ga mai son gwadawa: in aka dasa reshe tana kamawa, amma wadda aka shuka daga iri ita ke yin ƙaton gindin nan da ake so.

Ba kariya kaɗai ba. Marga, idan bazara ta kunno kai, zangarniyar furenta rawaya ke zubowa daga rassa har sai ka hango ta daga nesa a cikin busasshen daji. Sansami yakan kaɗe ganye sarai, sannan ya lulluɓe da fure mai ruwan hoda da ƙamshi. Mu kuwa abin da muka fi sani game da shi shi ne ba a son hayaƙinsa a murhu. Minjirya ita ce mafi sauƙi: a sari reshe mai kauri a kafa a farkon damina, ya kama. Da ita ake shinge a ƙauyuka da yawa, kuma jan furenta na tara ƙananan tsuntsaye masu dogon baki. Gurjiya, wadda wasu ke kira kurya, tana buɗe manyan furanni ja da ruwan lemo cikin hunturu. A Burkina Faso da Mali, da wajen Tibi a Binuwai, miya ake yi da gindin furen, kuma wannan tsinkar na rage 'ya'yan da za su nuna su ba da iri. Gauɗe kuwa ɗan ƙarami ne, ya dace da tsakar gida, farin furensa yana komawa rawaya, da yamma ƙamshinsa ya cika wuri.

Abin lura, yawancinsu cikin rani suke fure, lokacin da ciyawar da aka shimfiɗa a manyan gidaje ta ƙone, mai gida na rigima da 'yan ga-ruwa. Suna buƙatar ban-ruwa da kariya daga awaki a shekara biyun farko, daga nan su riƙe kansu.

Akwai biyu da sai an yi hattara. Nonon giwa bishiya ce mai ban mamaki, furenta ja mai duhu da dare yake buɗewa, jemagu ne ke ziyartarsa, amma 'ya'yanta masu reto suna da nauyin kilo da yawa. Kada a dasa ta inda ake ajiye mota ko inda yara ke zama. Sai baurairai, mai yaɗo da ke maƙale da tsinin ganyenta, furenta ja da rawaya a murɗe. Ita ce furen ƙasa ta Zimbabuwe, kuma a Turai kuɗi ake sa wa a saye ta. Dukkan jikinta guba ne, musamman saiwar, wadda yaro zai iya ɗauka wani abin ci ne. Ba na sayar da ita ga gida mai ƙananan yara.

Za a ce to me ya hana mu masu lambu mu rena su? Ciki ne. Maskwared tana tsirowa ba wahala, kuma ba ta kwana a hannu. Irin marga kuwa ɓawonsa tauri gare shi, sai an jiƙa a ruwan zafi ko an kankare gefe da dutse kafin ya tsaga. Irin sansami mai fiffike ne, in ba ka je kan lokaci ba iska ta riga ka. Manyan iyayen da za a samo irin ma suna ƙarewa, masu gawayi da masu sassaƙa sun bi su. Wanda ya sha wannan wahalar ya cika leda ɗari, sannan ba mai saye, ba zai ƙara ba. Na taɓa ganin ɗan kwangila ya jera baƙin dabinon ado a tsakiyar wani titi cikin hunturu, bazara ba ta ƙare ba suka zama sanduna. Da rabin kuɗin nan an sa a marga da minjirya, da yanzu ana shan kallo.

Shigo da baƙon iri barkatai ma yana da nasa haɗarin. Ƙayar nan ta Amurka, wadda ake kira mesquite, da aka kai Sudan don tare hamada ta mamaye gonaki da magudanan ruwa, har a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a kawar da ita. Yau kowa na iya yin odar iri ta waya, ba wanda ya gwada halinsa a ƙasarmu.

Roƙona ga masu abin a hannu ne. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa tana da tasha a Samaru da wata a Kano, ga kwalejin gandun daji a Afaka da Jos, ga ta aikin lambu a Dadin Kowa ta jihar Gombe. Su taimaka su tara irin waɗannan itatuwa, su sayar mana da araha, su koya mana dabarun tsirar da masu wuya. Hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, mai kula da shirin dasa itatuwa don tare hamada, da aka kafa a 2015, da ma'aikatun muhalli na jihohi, in za su ba da kwangilar dasa tituna da makarantu, su rubuta cewa wani kaso na gida ne, kuma kada a gama biyan ɗan kwangila sai dashen ya tsallake rani biyu. Ranar da aka fara oda, mu masu lambu za mu cika ledoji.

Masu gina gidaje kuma, in kun zo saye, ku tambaye mu marga ko gauɗe ko da ba ku ga muna da su ba. Makiyaya da manoma da suka san inda tsofaffin bishiyoyin suke, ku tsinko mana 'ya'yan da suka bushe a kan uwa, ku zuba a buhun takarda ko ƙwarya, kada a ƙulle a leda, don zafi na kashe su. Za mu saya.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai renon dashe,
Zariya, jihar Kaduna.