Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Malam Shehu Dikko: yaushe Super Eagles za ta dawo filin Abuja?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ya aiki, ya haƙuri da jama'a.

Na san wasu za su ce Alhaji Ibrahim Musa Gusau ya kamata in rubuta wa, tunda shi ke riƙe da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, kuma shi ake ta jifa tun daren da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu da bugun fenariti a Rabat a Nuwamban 2025, muka rasa gasar cin kofin duniya karo na biyu a jere. To, nasa daban. Abin da ke tafe da ni shi ne filin wasa na Moshood Abiola, wanda duk mai shigowa Abuja ta titin filin jirgi sai ya hango shi dab da ƙofar gari. Filin nan mallakin gwamnatin tarayya ne. Tun da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ya dawo da hukumarku, makullinsa yana aljihunka.

Duk lokacin da aka matsa wa gwamnati kan ƙwallo, amsar da muka saba ji ita ce FIFA ta hana katsalandan. Akwai gaskiya a ciki. A 2010 Shugaba Jonathan ya dakatar da Super Eagles shekara biyu saboda haushin rashin kataɓus ɗinta a gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, FIFA ta zare ido, ba a yi mako guda ba ya janye. A Yulin 2014 wata kotu a Jos ta tsige shugabancin Aminu Maigari, FIFA ta dakatar da Najeriya baki ɗaya har sai da aka mayar da shi. Kai da ka yi mataimakin shugaban NFF na biyu ka fi ni sanin wannan rikici ciki da bai. Sai dai dokar ta tsaya ne kan wa zai shugabanci hukumar ƙwallo. Ban ruwan ciyawa, gyaran banɗaki, fitilu da ƙofofin shiga, babu ruwan FIFA da su.

An gina filin ne domin wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar mutum sama da 60,000. A Nuwamban 2009 ya cika maƙil ranar wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, Suwizalan ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi, jama'a suka watse lafiya. A waccan gasar Kano da Kaduna da Bauchi duk sun karɓi baƙi, kamar yadda suka yi a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999. Yaron da aka haifa a 2009 yanzu ya kusa yin katin zaɓe, kuma bai taɓa ganin babbar gasar FIFA ko kofin nahiyar Afirka a ƙasarsa ba.

Bari in ɗan tsaya kan ranar 29 ga Maris 2022, domin a ganina daga nan aka yanke wa 'yan kallon Abuja hukunci ba tare da an saurare su ba. A karawar ƙarshe ta neman gurbin kofin duniya na Katar, an tashi canjaras babu ci a Kumasi, Gana ta zo nan. Gwamnati ta sallami ma'aikata tun ƙarfe ɗaya na rana, aka raba dubban tikiti kyauta, aka ce kowa ya zo ya cika fili. Jama'a kuwa suka amsa kira, aka yi turmutsitsi a ƙofofi tun kafin a take wasa. Thomas Partey ya buga wata ƙwallo daga nesa ta kuɓuce wa Uzoho, Troost-Ekong ya farke da fenariti, aka tashi kunnen doki, Gana ta wuce Katar saboda ƙwallon da ta ci a waje. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: aka kutsa cikin fili, aka farfasa kujerun 'yan benci, aka harba hayaƙi mai sa hawaye. Likitan nan ɗan Zambiya, Dokta Joseph Kabungo, wanda ya zo aikin gwajin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ga 'yan wasa, ya rasu a wannan dare. FIFA ta ci mu tarar kuɗin Suwizalan 150,000, kuma wasanmu da Saliyo a watan Yuni aka buga shi fili wayam.

Waɗanda suka yi ɓarna sun yi laifi, ban wanke ko ɗaya ba. Amma, ranka ya daɗe, wanda ya tara dubban mutane shi ke da alhakin sanin ta inda za su shiga, inda za su zauna da ta inda za su fita idan rai ya ɓaci. Tikitin kyauta ba ya gaya maka mutum nawa ne za su zo. Ɗan sanda mai kulki kuma bai san aikin tarbar 'yan kallo ba, aikinsa kora ne. A manyan gasanni, tikitinka yana ɗauke da lambar ƙofa da lambar kujera, ana tantance shi tun daga nesa da fili, sannan akwai ma'aikata da aka horar, suna juya wa wasa baya suna fuskantar jama'a. Babu tsafi a ciki. Tsari ne kawai.

Sai ciyawa. A zamanin minista Sunday Dare, Alhaji Aliko Dangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ta, aka yi ta murna a jaridu. Ba a jima ba 'yan wasa suka fara kukan ƙwallo na tsalle a ƙafarsu. A Maris 2023 Gini Bisau ta zo ta ci mu ɗaya da nema a nan. Daga baya wasanninmu biyar na gida a neman gurbin kofin duniya na 2026, da Lesoto, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Ruwanda da Binin, duk a Uyo aka buga su, domin filin can ne ya cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF. Mutanen Akwa Ibom sun cancanci yabo, sun riƙe nasu da kyau. Amma ɗan Kubwa ko Nyanya sai ya yi yini guda a mota kafin ya isa Uyo, balle ɗan Sakkwato ko Maiduguri. Sai mu taru a gidan kallo, mu biya kuɗin shiga, mu kalli ƙasarmu tana wasan gida ta talabijin, alhali ga fili can a bakin gari yana shan rana.

Shuka ciyawa aikin 'yan watanni ne. Rainonta kuwa kullum ne, rani da damina: ruwa, taki, aski, da ma'aikatan da ake biya a kan kari. Mu kuma mun fi son kwangilar da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Ga wata matsalar: Abuja ba ta da ƙungiya irin Kano Pillars ko Plateau United da za ta riƙa jan jama'a kowane mako. Fili tamkar gida ne, idan ba a kwana a cikinsa gara ce ke gaje shi. Me zai hana a tsayar da wasan ƙarshe na kofin tarayya a nan kowace shekara, yadda Ingila ta tsayar da nata a Wembley? A kawo wasannin Super Falcons, waɗanda suka ɗauko kofin Afirka na goma a Maroko a Yulin 2025. Taron siyasa da na mawaƙa kuma a nema masa wani wuri, ko a rufe ciyawar kafin a kafa rumfa.

Akwai ƙananan abubuwa da mai zama a rumfar manyan baƙi ba zai lura da su ba. Wasan da aka fara da yamma yana cin Magariba, don haka a tanadi wurin alwala da salla, kamar yadda aka yi a filayen Katar a 2022. A samu banɗakin da magidanci zai iya kai 'yarsa ba tare da kunya ba. Jirgin ƙasa na cikin birni yana da tasha a kusa da filin, kuma idan aka sauya layi a Idu ana kaiwa har Gbazango da ke Kubwa. A Katar mai tikitin wasa kyauta yake hawa jirgi. Ku zauna da ministan Abuja, jirgi ya yi aiki har dare a ranar wasa, a ƙara da motocin Mararraba da Lugbe da Gwagwalada.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ranka ya daɗe. Roƙona shi ne hukumarka ta fito fili ta faɗi abubuwan da masu binciken CAF suka ce sai an gyara a filin, nawa aka ware wa kowanne, wane ne zai kula da ciyawar bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, da watan da kuke sa ran gayyato su su sake dubawa. A buga shi da Hausa ma, a karanta a rediyo.

Allah ya yi jagora. Wassalam.

Naka,
Wani mai kallon ƙwallo daga Kubwa, Abuja.