Mai Nauyin Baki Ma Yana Riƙe Ƙungiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci a kan yadda kuke kawo labarin 'yan ƙwadago. Duk ranar 1 ga Mayu, ko aka shiga yajin aiki, hoto ɗaya muke gani: mutum ya riƙe lasifika, jijiyar wuya ta miƙe, jama'a na amsa masa. Har yaran unguwarmu sun ɗauka wanda ya fi kowa murya shi ne shugaban ƙungiya. Ni kuwa abin da na gani a gidanmu daban ne.

Yayana tela ne a nan Jos. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu daga ƙasar Kano, mu kuma a Gangare aka haife mu. Tun yana yaro Yaya ba ya iya haɗa ido da baƙo. Ga shi da 'yar in'ina, idan malami ya tashe shi karatu sai gumi ya karyo masa duk sanyin Jos. Da ya maimaita aji huɗu sau biyu, Baba ya haƙura ya kai shi koyon ɗinki a kasuwar Terminus. Wata gwaggonmu takan ce, a gabansa kuwa, "Wannan ko kuɗinsa aka cinye ba zai iya tambaya ba." Ba ta yi ƙarya ba. Ni ce auta, ina 'yar firamare yake aika ni karɓo masa bashin ɗinki.

A watan Fabrairun 2002 kasuwar ta ƙone, wata biyar bayan rikicin Satumbar 2001. Kekensa da shaddodin mutane duk suka tafi. Teloli suka taru don a rubuta asarar kowa, masu baki suka yi ta magana tun hantsi har la'asar, aka watse ba a rubuta sunan mutum ko ɗaya ba. Yaya bai ce uffan ba. Washegari ya sayi sabon littafi irin wanda yake rubuta awon masu ɗinki, ya bi abokan sana'a gida-gida: wane keke biyu da dutsen guga, wane keken surfani da yadi kaza na mutane. Da ajami ya rubuta, domin bokonsa bai wuce haɗa baƙi ba. Da aka ce sai an mayar da takardar boko kafin a karɓa, ya koma gefe yana kallo wani yaro na kwafe aikinsa, yana ɓata sunaye. Abin ya tsaya masa a rai. A shekarar ya shiga ajin yamma na manya, ya haura talatin, yana zama benci ɗaya da sa'annin yaran shagonsa. Yana da 'ya'ya huɗu ya rubuta jarrabawar gama sakandare.

Ma'aji aka fara ba shi a ƙungiyar teloli ta yankinsu, kuma gaskiyar magana don kowa na gudun kujerar ne, wadda aka sha tashi baram-baram a kanta. Ya kawo abu biyu: rasit ga duk wanda ya biya kuɗin wata, da karanta shiga da fita a gaban kowa. Ranar farko na bi shi, na tsaya a bakin taga. Takardar na rawa a hannunsa, ya maƙale a kan kalmar "dubu" har wasu samari suka fara ƙunshe dariya. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Karanta a hankali, ɗana. Ba ma sauri, kuɗinmu ne." Ya karanta har sisin kwabo. Daga ma'aji ya zama sakatare, daga baya suka ɗora masa shugabanci, bai buga fosta ba, bai raba ko goro ba.

Edita, ba raina masu murya nake yi ba. Tun da aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1978 akwai haƙƙin da ba a samu ba sai da aka fito titi. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabance ta daga 1999 zuwa 2007, daga masaƙar Arewa ta Kaduna ya taso, kuma ƙungiyar da ya fito ta masaƙa ce da teloli. Mafi ƙarancin albashi da ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, ba a faranti aka miƙo shi ba. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To ina tela mai keke uku da yara biyar? Ina bakanike, ina mai gidan burodi na cikin lungu? Yaran da ke ƙarƙashinsu ba su da wata inuwa sai ta waɗannan ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ba ku cika leƙawa ba. A can kuwa aikin yau da gobe na mai littafi ne, mai jure zaman sulhu.

Abin da Yaya ya fi alfahari da shi takarda ce shafi ɗaya. A da, uba zai kawo yaro shago ya ce "ga amana", shi ke nan. Yaro ya shekara bakwai yana guga da sa maɓalli da zuwa sayen abinci, ba ranar yaye. Yanzu ana rubuta shekarun koyo, da kuɗin sabulu na mako, da abin da ubangida zai ba shi ranar yaye, uba da ubangida da ƙungiya su sa hannu. Wasu manyan teloli sun yi fushi, har akwai wanda ya daina amsa gaisuwarsa. Yaya bai fasa zuwa shagon mutumin duk Juma'a bayan masallaci ba, ya gaishe shi ya wuce, har ya sauko don kansa.

Lokacin ambaliyar Yulin 2012 da ta yi ɓarna a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, littafin nan nasa aka sake buɗewa. Teloli suka ɗinka likkafani kyauta, sannan suka tara ragowar yadi suka yi wa yaran da ruwa ya kwashe kayansu riguna. Kuma duk wanda ya san Jos ya san yadda rikici ya raba unguwanni. Shi ya nace a riƙa juya wurin taro, wannan wata a ɓangaren Musulmi, wata mai zuwa a na Kirista, ya kuma riƙa fitowa bakin titi da kansa yana taryar masu ɗar-ɗar.

Ba na cewa ba shi da aibi. Yana da jan ƙafa, kuma akwai ranar da ya kamata ya buga tebur bai buga ba. Da masu karɓar haraji suka riƙa zuwa iri biyu a kan abu ɗaya, matasan ƙungiya sun so a rufe shaguna. Shi kuwa ya tsaya tara rasit wata uku kafin ya kai ƙorafi. An daina, amma wata ukun nan mutane sun biya, kuma har yau wasu na yi masa gorin haka. Ni ma na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Auta, ba ki ga ba a rufe kowa ba?"

Roƙona shi ne ku turo wakilinku ya zaga irin waɗannan ƙungiyoyi na Jos, na teloli da masu Keke Napep da 'yan gwari na Farar Gada, ya tambayi wa ke riƙe da littafi. Idan ya biyo ta shagon Yaya, ya zo da haƙuri, don amsar tambaya ɗaya takan ɗauke shi lokaci. Kuma don Allah kada ya zo ana saura mako biyu sallah, ko ni ba na samun kansa.

Taku mai karatu,
daga Gangare, Jos.