Wasiƙa zuwa ga ƙawata kan tatsar daƙashi kafin haihuwa

Assalamu alaikum aminiyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ya nauyin jiki, ya sanyin Ingila? Allah Ya raba lafiya. Na ga saƙonki cewa ungozomar da ke miki awo ta ba ki ƙananan sirinji ta ce ki fara tatsar daƙashi kina ajiyewa, ke kuma abin ya ɗaure miki kai tunda a gida ba ki taɓa jin an yi haka ba. Gaskiyarki. Mu da muka taso muna ganin ana tatse nonon farko a zubar wai gurɓatacce ne, yau an ce ki tara shi tun jariri bai zo ba.

Dalilin da ya sa aka ba ki shawarar shi ne ciwon sugan da cikin ya zo miki da shi. Jaririn da ke cikin mai suga ya saba samun suga da yawa ta cibiya, don haka jikinsa na sarrafa sinadarin insulin, mai rage suga a jini, da yawa. Ana yanke cibiya sugan ya tsaya, insulin ɗin kuwa yana nan, sai sugan jininsa ya faɗi a awannin farko. Idan a lokacin bai kama nono sosai ba, ko an yi miki aiki kina kwance, daƙashin da kika tara shi za a fara ba shi kafin a kai ga madarar gwangwani. Haka ake shawartar mai tagwaye da wadda aka sa wa ranar tiyata da wadda hoto ya nuna jaririnta na da tsagar leɓe ko ta ganda.

Kada ki fara kafin sati 36, wasu asibitocin ma 37 suke cewa, ki bi abin da naku ya faɗa. Taɓa nono na sa jiki ya saki sinadarin oksitosin, shi ne kuma ke murɗa mahaifa lokacin naƙuda. Shi ya sa ba a yarda da tatsar ba ga wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko aka ɗinke mata bakin mahaifa, ko mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko take ganin jini. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ki, ki ajiye sirinjin har ki ga likita. Binciken DAME da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2017, ya duba mata 635 masu suga da ba su da wata matsalar, bai kuma ga tatsa sau biyu a rana daga sati 36 ta jawo haihuwa da wuri ba.

Ga yadda ake yi. Ki wanke hannu da sabulu. Bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi sauƙi, ko ki ɗora tsumma mai ɗumi a nonon na minti biyu, sannan ki shafa shi a hankali daga sama zuwa wajen kai. Ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, suna fuskantar juna, kamar santimita 2 zuwa 3 daga gindin kan nonon, wajen iyakar baƙin da ya kewaye shi. Ki fara dannawa baya wajen ƙirji, sai ki haɗe yatsun biyu ki matsa, ki saki, ki sake. Danna, matsa, saki, kamar bugun zuciya mai natsuwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne jan kan nonon ko zame yatsu a kan fata kamar ana tatsar saniya. Wannan ciwo kawai yake kawowa, ya kuma toshe hanyar da daƙashin zai bi. Idan kin ji zafi, yatsunki ne ba su zauna daidai ba, ki ɗan matsar da su gaba ko baya. In wuri ɗaya ya daina kawowa ki juya yatsun zuwa wani gefen. Minti biyar kowane nono ya isa, sau biyu a rana. Da hannu za ki yi, ban da injin tatsa, domin daƙashi na da kauri da danƙo, zai maƙale a jikin roba ki rasa shi.

Abin da za ki gani ɗigo ne ɗan mitsitsi a kan nonon, rawaya kamar man shanu, wani lokaci fari tas kamar ruwa. Ki kai bakin sirinjin ki zuƙe shi. In hannu biyu sun kasa miki, ki tara a ƙaramin kofi da aka tafasa sannan ki zuƙa, ko maigida ya riƙe sirinjin.

A nan ne nake so ki saurare ni da kyau, don na san halinki da sa abu a rai. Kwana biyu ko uku na farko wataƙila ba za ki ga komai ba. Wasu har su haihu ɗigo kaɗan suke samu, kuma wannan ba ya nuna yawan nonon da za a samu bayan haihuwa, domin sai mabiyiya ta fita ruwan nono ke fara zuwa sosai, wajen kwana na uku. Cikin jariri a ranar farko mililita 5 zuwa 7 yake ɗauka, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Rabin sirinjin mililita 1 ma abin kirki ne. Kada kuma ki ji tsoron daƙashin zai ƙare kafin jaririn ya zo, jiki na yinsa tun wajen sati 16 kuma yana mayar da abin da aka cire. A ganina ma, hannunki ya iya tatsar ya fi abin da ke firiza amfani, don ranar da nono ya cika ya yi tauri jariri ya kasa kamawa, hannun ne zai cece ki.

Sirinji ɗaya za ki iya tarawa a ciki na yini guda, kina rufe bakinsa da murfinsa kina sa shi can cikin firji, ba a jikin ƙofa ba. Da dare ki rubuta sunanki da kwanan wata, ki sa a leda mai zif, sai firiza. A sanyin digiri -18 na ma'aunin Celsius yana kai wata 6. Can ba ku da matsalar ɗaukewar wuta irin tamu, amma ki sani wanda ya narke ba a mayar da shi, cikin awa 24 ake amfani da shi. Saboda haka ranar tafiya asibiti ki ɗauki kaɗan a jakar sanyi da ƙanƙara, ki miƙa wa ma'aikata da zarar kin isa, sauran a kawo miki in an buƙata. Ɗumin tafin hannu ya isa ya narkar da shi, ban da ruwan zafi ko na'urar ɗumama abinci. Ta gefen kumatu ake ɗiga wa jariri kaɗan-kaɗan, ki bari nas ta nuna miki karon farko.

In kina tatsa kika ji mara na murɗawa tana ɗaurewa, ki tsaya nan take. Idan bai lafa ba, ko kika ga jini ko ruwa, ko motsin yaron ya ragu, ki kira ɗakin haihuwa, kada ki jira gari ya waye.

Ki gaida maigida da yara. Ki rubuto mini ranar da aka ba ki, da kuma ko Hajiya ta samu bizar zuwa jego.

Taki har kullum.