Godiya ga Ma'aikatan BK Arena na Kigali

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan BK Arena, unguwar Remera, Kigali.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na daɗe ina son rubuto muku wannan takarda, hidimar gida ce ta yi ta sha min kai.

Ni 'yar Najeriya ce, aiki ya kawo maigidana Ruwanda, ni da yara muka biyo shi. Mun iso ana tsakiyar ginin zauren nan a gefen filin wasa na Amahoro. Kafin mu gama sanin hanyar kasuwa, kamfanin Summa na Turkiyya ya kammala aikin cikin wata shida, Shugaba Paul Kagame ya buɗe shi a watan Agustan 2019. Da na ji an ce kujera 10,000 ne a ciki, sai na ce wa maigida wannan wurin manya ne, mu namu kallo daga waje in mun zo wucewa a kan babur.

Ashe allura ce za ta fara shigar da ni. A 2021 aka mai da zauren wurin rigakafin korona, na bi layi da 'yan acaɓa da mata 'yan kasuwa, kowa da takunkumi a fuska. A shekarar ce kuma aka buga gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin Afirka, wato BAL, karo na farko a nan, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofi. Daga baya Bankin Kigali ya sa wa wurin sunansa a 2022, ko da yake har gobe bakina Kigali Arena yake cewa, ku yi haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne daren 5 ga Agustan 2023, ranar wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta matan Afirka tsakanin Najeriya da Senegal. 'Yata, mai shekara goma sha biyu a lokacin, ta hana ni sakat sai mun je. Muna bakin ƙofa wayata ta mutu, tikitin kuma yana cikinta. Jama'a na turowa ta baya, yarinya ta cika ido da hawaye. Wata matashiyar ma'aikaciya ta janye mu gefe, ta jona wayar a inda suke cajin nasu, ta tsaya tana yi wa yarinyar hira har wayar ta kama. Ba ta ɗaga mana murya ba, ba ta kuma nemi ko sisi ba. Da muka shiga na tambayi wani mai nuna wurin zama inda zan yi salla, ya raka ni wani lungu mai tsabta inda ba a wucewa, ya juya baya ya tsaya har na sallame. Allah Ya saka musu da alheri, ban ma san sunayensu ba.

D'Tigress, 'yan wasan Najeriya, suka ci 84 da 74, kofi na huɗu a jere. 'Yata kuwa idonta na kan mai horar da su, Rena Wakama, mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin mai horarwa. Tun daga ranar take damun babanta har sai da ya kafa mata kwando a bayan gida.

Har yanzu ina mamakin yadda kuke juya wurin nan. A watan Maris na 2023 babban taron FIFA aka yi, inda aka sake zaɓen Gianni Infantino shugaban hukumar. Wani lokaci a ɗauke katakon wasa a kafa dandalin mawaƙa. Ranar 7 ga Afrilun 2024 kuma a wannan zaure mai yawan ihu aka taru cikin jimami, ana tuna shekara 30 da kisan kiyashin da aka yi wa Tutsi. Duk lokacin da na shiga, banɗakuna fes suke, kuma mu mata mun san a nan ake gane wurin da ake kula da shi.

Roƙona ɗaya, a riƙa tunawa da masu iyali wajen kuɗin tikiti, domin yanzu yara uku ne ke bina. Ku isar min da gaisuwa ga masu shara da masu tsaron ƙofa. Da harshenku nake cewa murakoze cyane, wato na gode ƙwarai.

Taku,
Wata uwa mazauniyar Kigali