Allura ce ke kashe bakin cajin salula

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin masu gyaran salula a Maraɗi kan wata al'ada da ta yaɗu: a kawo waya ba ta ɗaukar caji, sai a sa allura a kankare bakin. Ranar za ta yi caji, amma an rage mata kwana.

Ƙananan haƙoran da ke cikin bakin caji, guda 24 a samfurin USB-C, hawa uku ne. Jan ƙarfe a ciki, nikel (wani farin ƙarfe) a kansa, sannan ruwan zinariya wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Zinariya ba ta tsatsa, amma tana da laushi. Ƙurar hunturu kuwa cike take da yashi da ya fi ta tauri, don haka duk sakawa da cirewa tana ɗan gurje ta. Allura na yin ɓarnar shekara cikin minti ɗaya.

Da zarar zinariyar ta huje, sai gumi ko laimar damina ta shiga. Gishirin gumi ya haɗa zinariyar da ƙarafan da ke ƙarƙashinta su zama kamar ɗan batir, nikel da jan ƙarfe su riƙa narkewa. Idan an sa caja bakin yana jiƙe, wutar cajar mai ƙarfin bolt 5 na ingiza narkewar, shi ne koren dattin da kuke gani. Nikel yakan yi wa kansa siririyar fatar kariya, amma jijjigar kabu-kabu, waya a aljihu kebul a jikinta, na share fatar, ta sake fitowa, a sake share ta. Gogayya na buɗe wa tsatsa hanya, tsatsar kuma ta zama gari mai ƙara gurza. Haɗuwar biyun ta fi kowanne shi kaɗai ci. 

Mahaɗa mai tsatsa kuma zafi take yi. In turjiyarta, wato yadda take tare wuta, ta kai rabin om, wuta mai yawan ampiya 2 na bi, zafi na wat 2 ke tashi a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, roba ta narke.

Abin yi: a kashe wayar, a fitar da datti da tsinken icce, a wanke da buroshi mai laushi da alkol na gyaran lantarki mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, ba fetur ba, a bari ya bushe sarai kafin a sa caja. In haƙoran sun yi kore ko baƙi, a canza bakin gaba ɗaya, a kuma duba kan kebul ɗin, domin kebul mai tsatsa zai gurje sabon bakin.

Naku,
Wani malamin aikin lantarki, Maraɗi