Masu kwana suna kama sauro su ma a ji labarinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ɓangare na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba. Duk shekara idan 25 ga Afrilu ta zagayo, jaridu kan cika da labarin rabon gidan sauro da allurar riga-kafi da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da cutar har sau miliyan 263, mutum kusan 597,000 kuma suka rasu, galibinsu yara ƙanana a Afirka. Duk wannan ya cancanci a buga shi. Abin da ke damuna shi ne ba a cika ambaton mutanen da ke fita fage suna bin sauron da kansa ba, alhali da aikinsu ake gane ko gidan sauron da aka raba yana kare mutane, ko kuwa aikin baban giwa ake yi.

Na yi wannan aiki na wasu shekaru, shi ya sa nake so mai karatu ya ga yadda yake. Da faɗuwar rana mutum biyu za su zauna, ɗaya cikin ɗaki ɗaya a waje, kowa ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, da tocila a hannu da wani siririn bututu mai raga a ciki wanda ake zuƙa da baki. Ba ka motsi, ba ka kora. Da ka ji ɗan nauyin macen sauro a ƙwaurinka sai ka haska, ka zuƙe ta kafin ta soka baki, ka hura ta cikin kofin da aka rufe da raga aka rubuta masa lokaci. Kowace awa da kofinta, har garin Allah ya waye. Da asuba kuma wasu su shiga ɗakunan da aka kwana, su shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa, su rufe ƙofa da taga, su yi feshi, bayan 'yan mintoci su tsince duk abin da ya faɗo. Da hantsi a ɗauki ludayi a bi kududdufai da sawun ƙafar dabbobi da ruwa ya kwanta a ciki. Wanda ya saba, da ya leƙa ludayin ya san abin da ya ɗebo, domin tsutsar anofilis, wato sauron maleriya, kwanciya take yi shame-shame a saman ruwa, ta sauron kwata kuwa rataya take yi kanta a ƙasa.

Wahalar tana da dalili. Macen sauro kaɗai ke shan jini, kuma idan ta sha jinin mai cutar, ƙwayar tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikinta kafin ta isa jakar yawunta ta iya shiga jikin wani. Yawancin sauro ba sa kai wannan lokaci a raye. Saboda haka tsohuwar macen ita ce abin tsoro, kuma ba yawan sauro kaɗai mai bincike yake son sani ba, har da tsawon ransu. Ana ɗora ta a kan gilashi ƙarƙashin madubin likita, a feɗe ta da allurai biyu, a duba jakar ƙwanta. Idan ƙananan jijiyoyin iska da ke jikin jakar suna nan a nannaɗe kamar curin zare, ba ta taɓa yin ƙwai ba, yarinya ce. Idan sun warware, ta yi ƙwai, ta kwana biyu a duniya. A garin da aka raba gidan sauro mai magani, in tsofaffin suka ragu a cikin abin da ake kamawa, maganin yana ci. In kuwa ba su ragu ba, to akwai matsala, kuma wannan labari kan iso ga mai bincike tun kafin asibiti ta cika da yara.

Da irin wannan feɗe-feɗe aka fara gano bakin zaren tun farko. Patrick Manson, likita ɗan Birtaniya da ke aiki a Amoy ta ƙasar Sin, shi ya nuna a wajen 1877 cewa tsutsar da ke kawo tundurmi tana girma a cikin sauro. Ranar 20 ga Agustan 1897 kuma Ronald Ross ya ga ƙwayar maleriya a bangon cikin sauro a Secunderabad ta Indiya, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1902.

Amma labarin da na fi so shugabanni su riƙe shi ne na Barazil. A shekarar 1930 wani masanin ƙwari mai suna Raymond Shannon ya ɗebi tsutsotsi a birnin Natal, ya gane cewa na sauron Afirka ne wanda jiragen ruwa suka tsallako da shi. An sanar, amma ba a ɗauki abin da zafi ba, sauron ya yi ta bazuwa a arewa maso gabashin ƙasar har annobar 1938 ta kashe dubban mutane. Sai a lokacin aka tashi tsaye ƙarƙashin Fred Soper, wani likita ɗan Amurka, aka raba ƙasa gunduwa-gunduwa, dubban ma'aikata suna bin kowane kududdufi da kowane gida, wasu kuma suna bin bayansu suna duba ko an yi aikin. Zuwa ƙarshen 1940 an daina ganin sauron. Mutum ɗaya da ludayi ya ga haɗarin shekara takwas kafin ya auku.

Yau abin yana maimaita kansa ta wata fuskar. Wani sauro na Asiya da ake kira Anopheles stephensi ya bayyana a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta samu masu maleriya 27 kacal, tana dab da rabuwa da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An gano shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a Najeriya a 2020, a Kenya da Gana a 2022. Bambancinsa da sauran shi ne ba ya jiran damina, yana yin ƙwai a tankunan ruwa da durom da wuraren gine-gine, yana jin daɗin birni, kuma yakan ciji mutum a waje. A wurare da dama da aka gano shi, wani ne ya leƙa tanki, ya ɗebi tsutsa, ya rene ta har ta zama sauro, ya duba fukafukanta. Ƙasar da ba ta da masu leƙa tanki ba za ta iya cewa ba shi a cikinta ba.

Ko sauron da aka saba da shi ma ba a gama saninsa ba. Abin da ake kira Anopheles gambiae gungu ne na jinsuna da dama waɗanda ido ba ya bambanta su sai an gwada ƙwayoyin halittarsu, kuma halinsu ba ɗaya ba ne: wani ya fi son jinin mutum da kwana a ɗaki, wani kuma kamar arabiensis yana shan jinin shanu yana hutawa a waje. Babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, tsakanin 1969 da 1976 ya nuna cewa feshin bangon ɗakuna haɗe da rabon magani ya rage cutar ƙwarai amma bai katse yaɗuwarta ba, kuma cikin dalilan akwai sauron da ba ya sauka a bangon da aka fesa. A Benin an ga wani jinsin anofilis mai suna funestus ya karkata lokacin cizonsa zuwa wajen wayewar gari bayan an raba gidan sauro, wato lokacin da mutane suka riga suka fito daga cikinsa. Ba don kofunan nan na awa-awa ba, da babu wanda zai sani.

Haka batun bijire wa magani. Gwajin ba shi da wuyar fahimta: a zuba sauro kamar 25 a bututun da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, su yi awa ɗaya, a mayar da su bututu mai tsabta, bayan awa 24 a ƙirga matattu. In waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, sauron yankin ya bijire. Wannan ƙirga da aka yi ta yi a wurare da yawa ita ta tabbatar da cewa maganin pyrethroid, wanda aka daɗe ana dogaro da shi a gidan sauro, ya yi rauni a yawancin Afirka. Ita ta sa aka ƙera sabon gidan sauro mai magani biyu, aka gwada shi a ƙauyukan Tanzaniya da Benin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2023. Da yake ya fi tsada, sai an san yankin da ya fi buƙatarsa, kuma mai bututu ne zai faɗa.

Amfanin bai tsaya ga maleriya ba. A yammacin Afirka anofilis ɗin nan ne ke yaɗa tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa. 'Ya'yan tsutsar ba sa fitowa cikin jini sosai sai da tsakar dare, shi ya sa a da sai an tashi mutane daga barci kafin a ɗebi jininsu. Yanzu ana iya tara sauron gari a gwada su rukuni-rukuni, a gane ko tsutsar tana nan bayan an yi shekaru ana rabon magani.

To ina gizo ke saƙar? Aikin nan galibi a kan tallafin wucin gadi yake tafiya. Na ga wurin da muka yi shekara uku muna tara bayanai wata bayan wata, tallafi ya ƙare, aka kulle madubai a kabad, matasan da suka ƙware wajen feɗe sauro suka kama wasu sana'o'in. Da aka dawo daga baya, sai aka fara daga tushe, da giɓin da ba zai cike ba, domin sauron bara ba ya jiran mai ƙirga. Siri Lanka ta ɗanɗana kuɗar irin wannan sakaci: a 1963 masu cutar 17 ne kawai a ƙasar, aka sassauta, zuwa 1969 suka haura rabin miliyan, kuma sai a 2016 ta samu shaidar rabuwa da cutar.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya shi ne su sa binciken sauro cikin kasafinsu na kowace shekara, da wuraren sa ido na dindindin da ma'aikata masu albashi, su kuma riƙa bayyana sakamakon ga jama'a. Jami'o'i su horar da masana ƙwari su nema musu inda za su yi aiki. Masu zaman kamu da dare kuwa, waɗanda ke miƙa ƙafarsu don lafiyar wasu, a ba su maganin kariya da gwaji da magani kyauta, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, domin binciken da aka yi a yammacin Kenya ya nuna cewa in an ba su maganin kariya ba sa kamuwa kamar sauran mutanen garin. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya kwana dare ɗaya tare da su, ya ga kofunan, ya bi su zuwa ɗakin gwaji, sannan duk lokacin da aka kira ku bikin rabon gidan sauro, ya tambayi jami'an wane irin sauro ne a yankin, da ƙarfe nawa yake cizo, kuma yaushe aka gwada shi da maganin da ke jikin gidan da ake rabawa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka